Jidda Bayan La'asar

Yawancinmu ta tagar mota muka san Jidda. A sauko daga jirgi da harami a jiki, a bi layin duba fasfo, a faɗa mota sai Makka. In an juyo kuma hankali ya riga ya yi gida, abin da ya rage sai Bab Sharif: a ciko jakunkuna da abaya da jallabiya da darduma, a je a yi ta ja-in-ja da masu awon kaya. Akwai alhazan da sun sauke farali sun maimaita, amma ka tambaye su Balad, tsohuwar unguwar Jidda, su ce maka ai kasuwa ce. Kasuwa ce kam. Sai dai kuma ita ce tsohon birnin da Halifa Usmanu ɗan Affan ya mayar mashigar Makka ta teku tun shekara ta 26 bayan Hijira, ya ɗauke wannan matsayi daga Shu'aiba. Bab Sharif ɗin da ake cinikin abaya ma ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar garin.

Da na kammala Umra sai na kira kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tafi Saudiyya tun yana saurayi bai sake komawa da zama ba. Bizar Umra ta yanzu ba ta ɗaure mutum a Makka da Madina kamar da, don haka ya ce in taho kawai. Na hau jirgin ƙasan Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018 kuma gudunsa ke kai kilomita 300 a awa. Ban gama shan shayin da na saya ba aka ce mun iso tashar Sulaimaniyya da ke Jidda. Ɗan kawun, taubashina, shi ya zo ɗaukata. A Jidda aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce, kuma tun a bakin tasha ya fara: "Baƙauye, ahlan! Rufe bakin mana, kada ƙuda ya shiga." Na ce masa wanda bai taɓa ganin damina ba shi ne baƙauye.

Da rana Jidda ba ta yawatuwa. Zafin ba na ƙuna ba ne, na gumi ne, iskar teku mai danshi da gishiri, kafin ka taka daga ƙofar gida zuwa mota riga ta manne maka a baya. Birnin da ke da mutum kusan miliyan 4, na biyu a ƙasar bayan Riyad, sai ka gan shi tsit da azahar, kowa ya shige inda na'ura ke hura sanyi. Sai an yi La'asar garin ke farkawa, kuma ba ya komawa barci sai tsakar dare ta gota. Duk wanda ya je Balad da hantsi ya dawo yana cewa ba komai a wurin, shi ya jawo wa kansa.

Ta Bab Jadid muka shiga, ni da Kawu da taubashin nawa. Ƙofa ce tsaye ita kaɗai, ba katanga dama ba katanga hagu. Ganuwar da take jikinta an gina ta ne a farkon ƙarni na 16, zamanin Sarkin Masar Ƙansuh al-Guri, saboda tsoron jiragen yaƙin Turawan Fotugal da suka shigo Bahar Maliya. Sun kuwa zo a 1517, suka tarar da gari a shirye, suka juya. A 1947 aka rushe ganuwar don gari ya samu wurin miƙe ƙafa. Ba-Kano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, ya san yadda ƙofa ke zama marainiya bayan an cinye badala.

Gidajen su ne abin kallo, kuma hoto ba ya ba su haƙƙinsu. Hawa huɗu, hawa biyar, a jere cikin lunguna masu ƙunci, kowanne na yi wa ɗan'uwansa inuwa. Kawu ya ja hannuna ya ɗora a wani bango da farin shafensa ya ɓare. "Taɓa ka ji, ɗana. Wannan ba dutsen tudu ba ne." Dutsen teku ne, irin wanda murjani ke tarawa, fari-fari, duk huji a jikinsa, har da ɓawon ƙananan dodon-koɗi a maƙale. Ba shi da nauyi kuma ba ya riƙe zafi, amma yana da laushi, gishiri na cin sa. Shi ya sa magina ke shimfiɗa katako a kwance cikin bangon bayan kowane 'yan sahu na dutse, don ya raba nauyin ginin, kuma in wani dutse ya ruɓe a iya zare shi a sa sabo ba tare da bene ya zubo ba. Duk da haka wasu gidajen sun karkace, an tokare su da manyan ƙarafa ana gyara.

Sai tagogin katako da suke kira roshan, waɗanda suka turo kai waje daga bango, wani tun daga hawa na farko har ƙololuwa. Katakon daga Indiya da tsibirin Jawa jiragen ruwa ke kawo shi, domin Jidda ba ta da itace. An sassaƙa shi raga-raga, iska na shiga rana ba ta shiga, matar gida na zaune a ciki tana ganin duk wanda ya gifta a lungu, shi ba ya ganin ta. A nan ake jera 'yan tuluna ruwa ya yi sanyi. Wasu an shafa musu kore, wasu shuɗi, wasu an bar su da launin itacensu da ya dafe. Na fi son waɗanda ba a taɓa ba. Yawancin manyan gidajen nan na attajiran ƙarshen ƙarni na 19 ne, bayan an buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen tururi suka riƙa zubo alhazai da kaya, kuɗi ya shigo gari.

Mafi suna a cikinsu shi ne Gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881. Da Sarki Abdul'aziz ya karɓi Jidda a ƙarshen 1925, a nan ya sauka. Matakalarsa faffaɗa ce, hawanta ba tsayi, wai an yi ta haka ne don raƙumi ya iya hawa da kaya har sama. Amma ni abin da ya tsayar da ni a ƙofar gidan yake: wata tsohuwar darbejiya. Ana cewa akwai lokacin da ita kaɗai ce bishiya a duk faɗin birnin, har mai aiko da wasiƙa kan rubuta a kai gidan da ke da bishiya. Baƙi na ta ɗaukar hoto a gindinta. Taubashina ya lura ina murmushi ya tambaye ni dalili, na ce masa in ya zo gida zan ba shi guda goma kyauta, har da tsintsiyar share ganyen.

Kawu ya san Balad ɗin da babu fitilun ado. Ya ce lokacin da ya zo, masu gidajen sun daɗe da ƙaura zuwa sababbin unguwannin arewa, inda mota ke iya shiga har ƙofar gida. Suka bar tsofaffin benaye ga 'yan haya: Yamalawa, Somalawa, 'yan Fakistan, da namu. Ɗaki guda mutum takwas, wayar lantarki a saƙale ko'ina, gobara ba ta yankewa, bene kan rufta da mutane a ciki. A 2014 UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya, daga baya gyara ya kankama da gaske. Yanzu an shimfiɗe lunguna, an buɗe wuraren shan gahawa da shagunan masu zane, wasu gidajen an mayar da su masaukin baƙi masu tsada, ga ƙananan motocin lantarki na zirga-zirga da masu yawon buɗe ido. Gyaran ya zama dole, in ba haka ba da yanzu rabin gidajen sun zama tarkace. Amma lungun da aka fi ƙawatawa shi ne ya fi shiru. Ba shanya a taga, ba ƙamshin girki, ba yaro da ke kuka. Sai da muka karya muka shiga Kasuwar Alawi, inda ake auna hulba da habbatussauda da luban, mai turare na kiran ka da "Alhaji, zo, araha" cikin Hausar da ya tsinta a bakin ciniki, sannan na ji ina cikin gari.

Magariba ta same mu a Masallacin Shafi'i da ke unguwar Mazlum. Ana danganta hasumiyarsa da ƙarni na 7 na Hijira. Masallaci ne marar ƙyale-ƙyale, tsakar gida a buɗe, ginshiƙai da rufin katako, kuma sai ka gangara kafin ka shiga, saboda ƙasar lungun ta taru ta fi dandaɓensa tudu a tsawon zamani. A sahun da na tsaya, dama da ni ɗan dako ne ɗan Bangaladash, hagu wani dattijo Balarabe mai ƙamshin oud. Mutumin da ya fito daga Harami idonsa ya cika da marmara da zinariya, ya kamata ya yi sallah ko ɗaya ce a irin wannan wuri, ya ga yadda masallatan Hijaz suke kafin kuɗin fetur.

Bayan Isha taubashina ya ce zai kai ni in ci abin da ban taɓa ci ba. Muka fita daga Balad, muka yi 'yar tafiya a mota, muka tsaya gaban wani ɗan shago da hayaƙi ke tashi. Larabawa ne cikin fararen riguna sun yi layi. Na leƙa, sai ga tsire. Tsire sak, yankan falle-falle, an tsoma shi a garin ƙuli-ƙuli, ana yayyafa mai, ana naɗe shi a takarda da albasa da yaji a gefe. Siriye suke ce masa, kuma a wurin yaran Jidda da Makka abincin garinsu ne, da shi suka tashi. Mai wuƙar dattijo ne, furfura ta gama gemu. Kawu ya yi masa sallama da Hausa, ya amsa da wata irin Hausa mai nauyi, ta mutanen da, wadda rabon da in ji irinta tun rasuwar kakata.

Na ce, "Baba, ina ne gida?"

Ya ce, "Nan ne gida, yaro. A Makka aka binne cibiyata. Kakana ne ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa."

Yana yanka yana ba ni labari. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, jama'a da yawa suka yi gabas, wasu bin Sarkin Musulmi Attahiru, wasu niyyar Hajji kawai. Tafiyar shekaru ce. A ratsa Barno da Wadai da Darfur, a tsaya a yi noma ko ƙodago a tara guzuri, a haifi 'ya'ya a hanya, a binne iyaye a hanya. Da yawa Sudan ta riƙe su, musamman da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925. Waɗanda suka kai Sawakin su ne suka hau jirgin ruwa suka tsallako, kuma ƙasar farko da suka taka a wannan gefen ita ce Jidda. Jikokinsu ne Hausawi da Barnawi da Fallata na yau, 'yan ƙasa masu cikakken haƙƙi. Usama Hausawi ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Rayyana Barnawi, mace ta farko 'yar Saudiyya da ta je sararin samaniya a 2023, haifaffiyar Jidda ce. Na karanta alluna da yawa a Balad a daren nan, na ga sunayen attajirai da na sarakuna, ban ci karo da ko ɗaya da ya ambaci mutanen da suka iso da ƙafa ba. Dattijon bai damu da allo ba. Ya ƙara mini tsinke biyu ya hana Kawu biya.

Washegari Kawu ya ce akwai inda zai kai ni wanda ba ya cikin takardun masu yawon buɗe ido. Muka yi kudu da Balad, wajen tashar jiragen ruwa. Ya sa taubashina ya tsaya a gefen titi, ya nuna mini fili fetal, iya ganinka, ba komai sai ƙasa da aka baje da masallatai jefi-jefi a tsaye. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe unguwanni da dama a Jidda, cikinsu har da Gulail da Bitrumin da Sabil da Karantina, inda 'yan Afirka suka fi yawa. Hukuma ta ce unguwanni ne da aka gina ba tsari, sun zama maɓoyar masu laifi da 'yan ƙwaya, kuma ta yi alkawarin diyya ga 'yan ƙasa masu gidaje. Ɗan haya mai igama, wato takardar izinin zaman baƙo, kuwa sai dai ya tattara komatsansa. Kawu bai musanta cewa akwai ɓarna a wurin ba. Ya ce akwai lungun da ko shi ba ya bi da dare. Amma a nan ne kuma ake sayar da fura da waina da safe, a nan ake ɗaurin aure da suna a yi taro, a nan baƙon da ya ɓace yake samun wanda zai ji harshensa. "Ka ga wancan masallacin? Daga shi ka ƙirga gida uku, nan aka haifi wannan ja'irin." Yanzu suna can wata unguwa a gefen gari, hayar ta ninka, maƙwabtan da kuma kowa ya kama gabansa, sai a waya. Taubashin nawa, mai bakin tsiya, ko uffan bai ce ba har muka bar wurin.

A hanyar dawowa muka bi ta maƙabartar da ake kira ta Uwarmu Hauwa'u, kusa da Balad. Mutanen garin sun daɗe suna cewa a nan kabarinta yake. Babu ingantaccen nassi a kan haka, kuma ginin da ke kan kabarin an rushe shi tun 1928. Katanga ce da ƙofa da allo. In ka ji wani ɗan tasi na cewa zai kai ka ziyara can, abin da za ka gani ke nan.

Bakin teku, Kurnish, shi ne abin alfaharin taubashina. Wuri ne mai tsafta, iyalai sun baje darduma da filas ɗin shayi, yara na tuƙa keke, mata na tuƙa motocinsu, abin da kafin 2018 ba a gani. Daga nesa kana hango feshin ruwan Sarki Fahad, wanda aka ƙaddamar a 1985, ruwan teku ne ake harba shi sama har mita 312, da dare a haske shi da fitilu. Minti biyar ya ishe ka kallonsa. Masallacin Rahma da ke arewa, wanda aka kafa a kan ginshiƙai cikin ruwa, ya fi shi daɗin zama, musamman in teku ta cika ta rufe ƙafafunsa. Shataletalen garin kuma cike suke da sassaƙe-sassaƙen ƙarfe da dutse, aikin magajin gari Muhammad Sa'id Farisi ne a shekarun 1970 da 1980, wanda ya sayo ayyukan manyan masu sassaƙa na Turai irin su Henry Moore da Joan Miró. Akwai wani ƙaton keke da ake kwatance da shi a gari. Akwai kuma wanda aka ƙera da ragowar tsohuwar na'urar tace ruwan teku, ita ce ta shayar da Jidda a zamanin da ruwan sha ya fi komai tsada. Ita ma na tsaya na duba ta da kyau, sauran kuwa ta taga na gaishe su. Mun rufe daren da kazar Al Baik, wadda a Jidda aka fara ta a 1974, don kada a ce na zo ban ci ba.

Wanda ke da haƙurin kallon kayan da, ya nemi gidan tarihi na Ɗayyibat. Wani mutum ne, Abdurra'uf Khalil, ya tara kayan da kansa, ya gina musu gida irin fasalin Balad. Ɗakuna ne bila adadin: tsofaffin Alƙur'anai na hannu, takubba, kuɗaɗen da, tufafin kowane yanki na ƙasar. An cusa kaya da yawa har ido na gajiya, kuma ƙafata ta gaza kafin ɗakunan su ƙare.

Inda na fi jin daɗi bayan Balad shi ne kasuwar kifi, Bangala, kuma ita da sassafe ake zuwa. Hajiya, matar Kawu, ita ta ja ragamar wannan fita. Ƙasa jiƙe sharkaf, masu gwanjo na ta ihu, kifi a jibge kan ƙanƙara launi-launi: najil ja mai ɗige-ɗigen shuɗi, wanda ya fi kowa tsada, harid kore shar mai baki irin na aku, ga jatan lande, ga ƙaguwa na motsi. Hajiya ba ta tambayar farashi sai ta ɗaga kunnen kifin ta ga jansa, ta danna cikinsa da yatsa ta ga ko zai dawo. Mai kifin ya faɗi kuɗi, ta yi tsaki ta juya, ya kira ta, ta ƙara gaba, ya biyo ta. Larabcinta na kasuwa ya fi na taubashina kaifi. In ka saya, akwai sashen da ake kankare maka a yanka, akwai kuma masu soyawa ko gasawa nan take, ka zauna ka ci da sayadiyya, shinkafar da ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi ruwan ƙasa.

Ni da taubashina muka ce a ba masu suya. Hajiya ta dube mu sama da ƙasa, ta karɓe ledar daga hannunsa. Ta ce najil ɗin da ta sha wahalar tayawa ba mai jefa mata shi a tsohon mai. Da azahar muka ci shi a gida cikin miyar kuka, da tuwon shinkafa da man shanu, kukar da daddawar duk daga tsarabar da wata 'yar Kano-Jidda ta kawo mata. Taubashina ya ce wannan ɓarnar kifi ce, ba a taɓa yin haka a Hijaz ba. Ta ce, "Rufe mana baki. A Karantina da shi na yaye ka, kuma malmala uku ka ci yanzu ina kallo."